Manufofin Karatun Digirin Farko a Fannin Adabin Turanci: Bayani ga Iyaye da Ɗalibai

A duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta fara sayar da fom ɗin jarrabawar shiga manyan makarantu, akan sami iyaye da ɗalibai da dama da ke neman ƙarin bayani a kan kwasa-kwasan da jami'o'in ƙasar nan ke koyarwa. Likitanci da aikin lauya da injiniya ba su cika buƙatar dogon bayani ba, domin kowa ya san inda suka dosa. Amma idan yaro ya ce shi Adabin Turanci yake son karantawa, sau da yawa sai ka ji mahaifinsa ya ce, "Wato shekara huɗu za ka yi kana karanta tatsuniyoyin Turawa ke nan?" Wannan tambaya tana kan hanya, domin mutumin da zai ɗauki nauyin kuɗin makaranta da na littattafai da na abinci har tsawon shekara huɗu yana da haƙƙin ya san abin da za a koya wa ɗansa. Dalili ke nan da ya sa aka ga ya dace a kawo wannan bayani a kan abubuwan da ake sa ran ɗalibin wannan fanni zai sani, kuma zai iya aikatawa, kafin jami'a ta miƙa masa takardar digiri.

Wanda ke tsara manufofin

Ba kowane malami ne ke zama ya yanke abin da zai koyar yadda ya ga dama ba. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ita ce doka ta ɗora wa alhakin shata mafi ƙarancin abin da kowane kwas zai ƙunsa, ita ce kuma ke tura masana su je su tantance sassan jami'o'i. A shekarar 1989 ta fitar da ma'auninta na farko, a 2007 ta fitar da wanda aka fi sani da BMAS, sannan a watan Disamba na 2022 aka ƙaddamar da sabuwar manhaja mai suna CCMAS. A ƙarƙashin wannan sabon tsari, hukumar ce ke tsara kashi 70 cikin 100 na darussa, kowace jami'a kuma ta cike sauran kashi 30 da abin da ya dace da yankinta da kuma ƙwarewar malamanta. Har ila yau, an rubuta wa kowane darasi abin da ake son ɗalibi ya iya yi idan ya kammala shi. Wannan canji ne mai ma'ana, domin ya karkatar da hankali daga jerin littattafan da malami ya bi a aji zuwa ga abin da ya zauna a kan ɗalibi.

Ɗalibin da ya shiga ta hanyar jarrabawar UTME yakan yi shekara huɗu, kuma ana buƙatar ya ci darussan da nauyinsu bai gaza raka'a 120 ba. Wanda ya shiga kai tsaye da takardar NCE ko IJMB ko difloma yakan fara ne daga aji biyu, ya yi shekara uku.

Adabin wa ake karantawa?

Kafin a shiga manufofin, ya kamata a warware wata rashin fahimta. Lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, tana ƙarƙashin Jami'ar Landan ne, saboda haka abin da ake koyarwa a sashen Ingilishi kusan dukkansa adabin Birtaniya ne. A nan ne Chinua Achebe, wanda da farko likitanci ya shiga karantawa kafin ya sauya, ya karanta littafin Mister Johnson na Joyce Cary. Shi Cary tsohon jami'in mulkin mallaka ne da ya yi aiki a ƙasar Borgu, ya kuma gina labarin nasa na 1939 a wani ƙagaggen gari na Arewacin Nijeriya. Achebe ya sha bayyana cewa yadda aka siffanta ɗan Nijeriya a littafin yana daga cikin abubuwan da suka zaburar da shi ya rubuta nasa, wato Things Fall Apart, wanda ya fito a 1958.

Shekara goma bayan haka, a 1968, malamai uku a kwalejin jami'a ta Nairobi a ƙasar Kenya, wato Ngugi wa Thiong'o da Taban lo Liyong da Henry Owuor-Anyumba, suka rubuta takarda suna neman a rushe sashen Ingilishi a kafa na adabi wanda zai sa adabin Afirka a tsakiya. Wannan muhawara ta yi tasiri a nahiyar baki ɗaya. A yau, abin da jami'o'inmu ke koyarwa shi ne adabin da aka rubuta da harshen Turanci, ko daga ina marubucin ya fito: Ingila, Nijeriya, sauran ƙasashen Afirka, Amurka, tsibiran Karibiyan ko Indiya. Ana kuma haɗawa da adabin baka na Afirka. Wannan ne ya sa za a ga jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano suna kiran sashen da sunan Sashen Ingilishi da Nazarin Adabi. To, ashe batun "tatsuniyoyin Turawa" bai taso ba.

Iya karatu na tsanaki

Manufa ta farko, wadda sauran duk suka rataya a kanta, ita ce ɗalibi ya iya karanta matani da idon mai nazari. Mai karatun nishaɗi yana son ya san abin da ya faru. Shi kuwa ɗalibin adabi ana son ya tambayi wane ne ke ba da labarin, me ya sa aka fara daga nan, me aka faɗa, me aka ɓoye, kuma me ya sa marubucin ya zaɓi wannan kalma ya bar waccan.

Bari mu ɗauki misali daga littafin Achebe da aka ambata. Kusan dukkan labarin ana ba da shi ne daga cikin al'ummar Umuofia, mai karatu yana tare da Okonkwo a gonarsa da gidansa da wajen shari'a da wajen makoki. Amma a shafin ƙarshe, bayan Okonkwo ya rataye kansa, sai marubucin ya shigar da mu cikin tunanin Baturen mulki, wanda ke lissafin cewa labarin wannan mutum zai iya cike masa ɗan sakin layi guda a littafin da yake shirin rubutawa. Ɗalibin aji ɗaya zai iya cewa Okonkwo ya mutu, Bature ya zo ya gani. Ɗalibin da ya cimma manufar kwas ɗin kuwa zai nuna cewa an sauya mahangar labarin da gangan ne, domin mai karatu ya ga yadda rayuwar da ta ci littafi sukutum ke komawa layi kaɗan idan baƙo ne ya riƙe alƙalami. Bambancin waɗannan amsoshi biyu shi ne abin da ake biyan kuɗin makaranta dominsa.

A ɓangaren waƙa, ana son ɗalibi ya gane zubi da tsari, da amsa-amo, da kari, da adon harshe irin su kamance da siffantawa da mutuntarwa da alamtarwa. A nan ɗalibin da ya tashi da Hausa yana da wata riba da ba kasafai ake nuna masa ita ba. Ya riga ya saba da rubutacciyar waƙar Hausa, wadda karinta ya dogara a kan nauyin gaɓa, wato gaɓa mai nauyi da marar nauyi, bisa tsarin arulin Larabci. Karin waƙar Turanci kuwa ya dogara ne a kan gaɓar da ake dannawa da wadda ba a dannawa. Mafi shaharar ma'auninsu shi ne ɗango mai gaɓa goma da danni biyar, wanda Shakespeare ya yi amfani da shi a yawancin wasanninsa da kuma gajerun waƙoƙinsa masu ɗango 14. Da zarar ɗalibi ya gane cewa abin da ake aunawa ne ya bambanta, sauran aikin yakan zo masa da sauƙi.

Sanin rassa da zamunan adabi

Manufa ta biyu ita ce ɗalibi ya san manyan rassan adabi uku, wato zube da waƙa da wasan kwaikwayo, ya kuma san tarihin bunƙasarsu. A adabin Ingila akan faro daga Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, a zo kan William Shakespeare, wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1616, da John Milton mai doguwar waƙar Paradise Lost ta 1667. Daga nan sai tasowar ƙagaggen labari da littattafai irin su Robinson Crusoe na Daniel Defoe a 1719, da Pride and Prejudice na Jane Austen a 1813, da ayyukan Charles Dickens a ƙarni na 19, har zuwa marubutan ƙarni na 20.

A adabin Nijeriya akan karanta Amos Tutuola, wanda littafinsa The Palm-Wine Drinkard ya fito a 1952, da Achebe, da Wole Soyinka wanda ya ci kyautar Nobel a 1986, da Flora Nwapa, da J. P. Clark, da Christopher Okigbo, har zuwa Chimamanda Ngozi Adichie. Arewa ma tana da nata kaso. Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, ya gina Burning Grass na 1962 a kan rayuwar Fulani makiyaya. Zaynab Alkali ta fitar da The Stillborn a 1984. Akwai Abubakar Gimba da Helon Habila, akwai kuma Abubakar Adam Ibrahim wanda littafinsa Season of Crimson Blossoms ya ci gasar adabi ta kamfanin NLNG a 2016. Ba a tsammanin ɗalibi ya karanta duk abin da aka rubuta, amma abin kunya ne ya kammala digiri alhali takaitattun bayanai kawai ya karanta a kan waɗannan littattafai, bai taɓa buɗe su kansu ba.

Ɗora matani a kan zamaninsa

Littafi ba ya faɗowa daga sama. Ana son ɗalibi ya iya danganta shi da tarihi da siyasa da addini da tattalin arzikin zamanin da aka rubuta shi. A wasan The Merchant of Venice, wanda Ɗahiru Idris ya mayar Hausa da sunan Matsolon Attajiri, wani Bayahude mai ba da bashi, Shylock, ya gindaya sharaɗin cewa idan attajiri Antonio ya kasa biya a kan lokaci, zai yanki tsoka daga jikinsa. Wanda bai san tarihi ba zai tsaya a kan cewa wasan yana magana ne a kan rowa da mugunta. Amma idan ɗalibi ya san cewa an kori Yahudawa daga Ingila tun 1290, kuma ba a yarda sun dawo a fili ba sai wajen 1656, zai gane cewa yawancin 'yan kallon da suka fara ganin wasan a ƙarshen ƙarni na 16 ba su taɓa zama da Bayahude ba, ji kawai suke yi. Daga nan tambayar za ta sauya: shin wasan yana ƙarfafa ƙiyayyar da 'yan kallo suka zo da ita ne, ko yana tona mata asiri ta hanyar nuna cin mutuncin da aka daɗe ana yi wa Shylock? Masana sun daɗe suna saɓani a kan wannan, kuma ba a buƙatar ɗalibi ya bi wani ɓangare. Abin da ake buƙata shi ne duk ɓangaren da ya ɗauka ya kafa hujja daga cikin wasan.

Ra'o'in nazari

A aji uku da aji huɗu ne ake zurfafawa a kan mazhabobin tarke da ra'o'in nazarin adabi. Akwai masu duba zubin matani kawai, akwai 'yan Markisanci masu duba rikicin masu hali da talakawa, akwai masu nazarin matsayin mata, akwai kuma masu nazarin tasirin mulkin mallaka, waɗanda littafin Orientalism na Edward Said na 1978 ya zama jigo a wurinsu. Idan aka ɗauki The Stillborn, mai nazarin matsayin mata zai duba yadda aure da burin zuwa birni suka juya rayuwar Li da yayarta Awa da ƙawarta Faku, da yadda ilimi ya ba Li ikon tsayawa da ƙafarta. Ɗan Markisanci kuwa zai fi duba tazarar da ke tsakanin ƙauye da birni. Littafi ɗaya ne, amma kowane ra'i da abin da yake haskawa.

A nan ne wasu iyaye kan nuna damuwa, ganin cewa wasu daga cikin waɗannan ra'o'i sun taso ne daga al'adun da suka saɓa da namu. Damuwar abin saurare ce. Sai dai manufar darasin ita ce ɗalibi ya san abin da ra'in ya ce, ya iya aiki da shi, ya kuma iya nuna inda ya gaza. Achebe da kansa ya yi irin wannan aiki a 1975, lokacin da ya gabatar da lacca a Jami'ar Massachusetts ta Amurka ya zargi littafin Heart of Darkness na Joseph Conrad da wariyar launin fata, alhali a lokacin Turawa suna ɗaukar littafin a matsayin wanda ba a taɓawa. Da bai san adabinsu ciki da bai ba, da maganarsa ba ta yi nauyin da ta yi ba.

Rubutu, bincike da amana

A ra'ayin mai wannan rubutu, nan ne ya kamata a fi tsananta wa ɗalibi. Ana sa ran wanda ya kammala wannan digiri ya iya rubuta maƙala da Turanci mai tsabta, wadda ke da matsaya bayyananna tun daga farko, da hujjoji da aka jera bisa tsari, da nahawu da ƙa'idojin rubutu daidai. Duk wanda ya yi aikin ofis ya san takaicin karɓar daftarin sanarwa daga hannun mai digiri, a tarar sai an sake rubuta shi daga farko. Idan mai digirin lissafi ne ya kawo, ana iya yi masa uzuri. Idan mai digirin Turanci ne, babu abin cewa.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi yakan rubuta kundin bincike a ƙarƙashin kulawar malami guda. A nan ake gwada ko ya iya zaɓen batu, da neman bayanai a laburare da intanet, da tantance sahihi daga jabu, da nuna madogara bisa ƙa'ida, galibi ta salon MLA. Satar fasaha, wato kwafo aikin wani a ce nasa ne, laifi ne da kan jawo soke aikin, wani lokaci ma har da kora. Tun bayan fitowar manhajar ChatGPT a ƙarshen 2022, wannan batu ya ƙara sarƙewa, domin na'ura tana iya tsara maƙala cikin daƙiƙoƙi, tana kuma iya ƙago sunan littafin da babu shi a duniya ta sa a matsayin madogara. Ɗalibin da ya miƙa irin wannan aiki zai gane kurensa ranar da aka zaunar da shi aka ce ya kare abin da ya rubuta da bakinsa. Shi ya sa iya magana a gaban jama'a, da gabatar da takarda, da amsa suka cikin natsuwa, suke cikin manufofin kwas ɗin.

Akwai kuma darussan rubutun ƙirƙira, inda ɗalibi ke gwada rubuta gajeren labari ko waƙa ko wasa, da darussan harshe irin su furuci da ginin jimla, da darussan gama-gari da kowane ɗalibin jami'a ke ɗauka, kamar sanin al'ummomi da al'adun Nijeriya, da sasanta rikici, da koyon dogaro da kai ta hanyar sana'a.

Amfanin harsuna biyu

Wani abin da ya kamata jami'o'in Arewa su yi amfani da kason nan nasu na kashi 30 a kansa shi ne fassara da kwatanta adabi. Hanyar ba sabuwa ba ce. Mervyn Hiskett ya fassara Shaihu Umar na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa Turanci a 1967. Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da Twelfth Night na Shakespeare zuwa Daren Sha Biyu a 1971, Bala Abdullahi Funtuwa kuma ya mayar da Animal Farm na George Orwell zuwa Gandun Dabbobi a 1975. Ɗalibin da ya ƙware a Turanci bai kuma yi watsi da Hausarsa ba yana da abin da kafafen yaɗa labarai da kotuna da ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin agaji ke nema ruwa a jallo. Abin takaici shi ne wasu ɗalibai suna ɗaukar cewa mantawa da harshen gida alama ce ta ƙwarewa a Turanci.

Bayan kammalawa

A yawancin jami'o'i ana auna sakamako ne da ma'aunin maki 5. Wanda matsakaicin makinsa ya kai 4.50 zuwa sama shi ne ke samun daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu ta sama, 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ta ƙasa, 1.50 zuwa 2.39 kuma daraja ta uku. Tunda tun daga zangon farko ake fara tara makin, wanda ya yi wasa a aji ɗaya yakan sha wuya kafin ya farfaɗo.

Bayan yi wa ƙasa hidima, masu wannan digiri sukan shiga aikin koyarwa, ko jarida da rediyo da talabijin, ko gyaran rubutu a kamfanonin ɗab'i, ko hulɗa da jama'a, ko rubuta labarin fim, ko aikin gwamnati inda mai digirin farko ke farawa daga mataki na 08. Gaskiyar magana ita ce digirin ba ya ɗauke da kujerar aiki a tanade kamar na likita, kuma masu neman aiki sun fi guraben yawa. Wanda ya iya rubutu da magana da gaske shi ke yin fice. Mai sha'awar koyarwa kuwa ya sani cewa idan digirinsa ba na ilimin koyarwa ba ne, sai ya ƙara da babbar diflomar koyarwa ta PGDE, sannan ya yi rajista da hukumar malamai ta TRCN.

Sharuɗɗan shiga

Ana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Harshen Turanci da Adabin Turanci, galibi a zama bai wuce biyu ba. A jarrabawar UTME ma sai an zaɓi Adabin Turanci tare da Turanci na dole da wasu darussa biyu da jami'ar ta amince da su. Tunda jami'o'i sun ɗan bambanta a kan waɗannan biyun, ana shawartar ɗalibi ya duba kundin bayanai na JAMB na shekarar da zai zauna jarrabawa kafin ya cike fom.

Akwai wani cikas da iyaye ba su cika lura da shi ba sai lokaci ya ƙure. Wasu makarantun sakandare ba sa koyar da Adabin Turanci saboda rashin malami, don haka ɗalibi yakan kammala ba tare da ya rubuta darasin ba, sai a wajen cike fom ya gane cewa ƙofar ta rufe, kuma ƙofar karatun lauya ma haka, domin a can ma jami'o'i suna neman wannan kiredit. Saboda haka ana kira ga iyayen da 'ya'yansu ke da sha'awar ɗaya daga cikin fannonin biyu da su binciki makarantar tun yaran suna aji uku na ƙaramar sakandare, kafin a raba su zuwa ajin kimiyya da na fasaha, su tabbatar akwai malamin adabi kuma makarantar tana yi wa ɗalibanta rajistar darasin.